Tukunya Kan Duwatsu Biyu: Tarken Wani Ƙudurin Doka na Jihar Fulorida

Ba al'adar wannan fili ba ce a ɗauko ƙudurin doka a baje shi, domin an tanadi filin ne saboda tarken ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo. To amma ƙudurin da za mu duba a wannan fitowa shi ne ya tsallako cikin gonarmu. 'Yan majalisar da suka tsara shi sun ɗauki wata tambaya da manazarta adabi suka daɗe suna kai-kawo a kanta, suka amsa ta da jimla guda, sannan suka nemi amsar tasu ta zama doka a kan makarantun gwamnati na jiha sukutum. Tambayar kuwa ita ce: da me ake auna littafi, da dukkan abin da ke tsakanin bangonsa biyu, ko kuwa shafi ɗaya ya wadatar a yanke masa hukunci?

Bari mu fara da share fage saboda mai karatun da bai san tsarin Amurka ba. Ƙasar tana da jihohi 50, kowace da majalisar dokokinta, kuma sha'anin makarantun firamare da sakandare yana hannun jihohi ne da hukumomin ilimi na gundumomi. Jihar Fulorida, wadda ke kudu maso gabashin ƙasar, tana da gundumomi 67, kowace da hukumar da ke kula da makarantunta. Tun daga wajen 2021 aka shiga wata guguwa ta neman a kwashe wasu littattafai daga laburaren makarantu, akasari bisa zargin batsa ko ɓata tarbiyyar yara. Ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙidaya cewa a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 kaɗai an ɗauke littafi daga hannun ɗalibai har sau 10,046 a faɗin ƙasar, fiye da 4,500 daga ciki a Fulorida, fiye da 3,600 kuma a jihar Iowa.

Kafin wannan guguwa akwai ma'aunin da kotuna suka san ana amfani da shi wajen rarrabe batsa da abin da ba batsa ba. Kotun Ƙolin Amurka ce ta kafa shi a 1973 a shari'ar Miller da jihar Kalifoniya, kuma dokar Fulorida ta kare ƙananan yara ta ɗauki irinsa. Ma'aunin kamar murhu yake mai duwatsu uku. Dutsen farko, a duba ko babban abin da rubutun ke nufi shi ne tayar da sha'awa ta ƙazanta. Na biyu, a duba ko ya keta haddin abin da manya na wannan al'umma ke gani ya dace da yara. Na uku, a ɗauki aikin dungurungum a duba ko ba shi da wata ƙima ta adabi, ko fasaha, ko siyasa, ko kimiyya. Sai ukun sun haɗu a kan littafi sannan a kira shi mai cutar da yara.

A zaman majalisar Fulorida na 2025 wani ɗan majalisa mai suna Doug Bankson ya gabatar da ƙuduri mai lamba HB 1539. Zuciyar ƙudurin ita ce a zare dutse na uku. Wato idan aka kawo ƙorafi a kan wani littafi na laburaren makaranta, aka ga yana ɗauke da abin da ake ɗauka mai cutarwa ne ga yara, to hukumar gunduma ba ta da ikon ta ce za ta bar shi a kanta saboda ƙimarsa ta adabi ko ta ilimi. Majalisar wakilan jihar ta amince da shi a watan Afrilu na 2025, amma majalisar dattawa ba ta zartar da shi ba har zaman ya ƙare. Wani zai ce, to mene ne na tono ƙudurin da ya mutu a hanya? Dalilinmu shi ne babu wani daftari da ya fito fili ya faɗi manufar wannan guguwa ƙarara kamarsa. Dokar Iowa ta 2023 ta hana laburaren makaranta ajiye duk littafin da ya siffanta jima'i, ba tare da la'akari da sauran littafin ko shekarun mai karantawa ba. Dokar Utah ta 2024 ta ce idan gundumomi 3 suka ɗauke littafi bisa irin wannan dalili, sai a ɗauke shi a duk makarantun jihar, alhali gundumomin jihar 41 ne. Duk hanya ɗaya suka nufa, na Fulorida ne kawai ya ambaci sunan adabi ya ce a ajiye shi gefe.

Wannan ra'ayi tsoho ne ƙwarai. A 1868 wata kotu a Ingila, a shari'ar da aka fi sani da sunan Hicklin, ta kafa ƙa'idar cewa rubutu ya zama batsa muddin zai iya gurɓata zuciyar mai rauni idan ya faɗa hannunsa, kuma a aikace sai aka riƙa tsamo sakin layi guda a yanke wa littafi hukunci da shi. An shafe fiye da shekara 60 ana bin wannan a Ingila da Amurka. A 1933 ne wani alƙali a Amurka, John Woolsey, ya zauna ya karanta littafin Ulysses na James Joyce daga farko har ƙarshe kafin ya yanke hukunci, ya ce ba batsa ba ne. Ingila ma ta sake dokarta a 1959 ta ce a riƙa duban aiki gaba ɗayansa. Ashe ke nan abin da ƙudurin Fulorida ya kawo komawa ne ga ma'aunin da masu shi suka gwada suka yar.

Sai dai ba za mu yi wa masu goyon bayan ƙudurin rashin adalci ba, domin suna da hujjar da duk mai ɗa zai saurara. Suna cewa wake ɗaya ke ɓata gari. Yaro ɗan shekara 12 idan ya buɗe littafi, shafin da ke gabansa yake karantawa, bai san lambar yabon da aka ba marubucin ba, bai kuma karanta sharhin farfesoshi ba. Suna cewa laburaren makaranta da kuɗin harajin iyaye aka gina shi, don haka iyaye na da bakin magana. Suna kuma cewa kalmar nan ta ƙimar adabi ta zama rigar da kowane irin rubutu ke sawa ya wuce. Mu da muke riƙe da alli mun san akwai gaskiya a nan. Babu malamin kirki da zai miƙa wa ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare littafin da zai ba ɗan ajin ƙarshe. Zaɓe da tacewa aikinmu ne na kullum, kuma akwai littattafan da ko kyauta aka kawo mana ba za mu ɗora a kanta ba. Inda muka raba hanya da su shi ne yadda ake gane irin waɗannan littattafai.

Ɗauki misalin I Know Why the Caged Bird Sings, tarihin ƙuruciyar Maya Angelou da ya fito a 1969, wanda yana cikin littattafan da aka fi kai wa hari. A cikinsa akwai wurin da marubuciyar ta ba da labarin yadda mutumin da ke zaune da mahaifiyarta ya yi mata fyaɗe tana 'yar shekara 8. Idan aka yage wannan wuri aka riƙe shi kaɗai, babu uban da zai so 'yarsa ta gan shi. Amma mene ne ya biyo baya? Yarinyar ta faɗi sunan mutumin, aka kai shi kotu, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa. Sai ta ɗauka bakinta ne ya kashe shi, ta kame baki ta daina magana shekara da shekaru. Wata dattijuwa a ƙauyensu na jihar Arkansas ce ta jawo ta jiki, ta riƙa ba ta littattafai tana sa ta karanta su a bayyane, har murya ta dawo. Jigon littafin ke nan: yadda aka raunata yarinya da yadda ta warke. In an cire raunin, warkewar ba ta da ma'ana. In kuma aka tsaya a kan raunin aka rufe littafin, an yi wa marubuciyar ƙarya, domin an mai da kukanta abin sha'awa.

Ba sai mun je nesa ba ma kafin mu fahimci wannan. Da yawa daga cikinmu mun karanta Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a aji, wasunmu kuma sun koyar da shi. Wasa ne a kan mai kuɗin da ya yaudari 'yar makaranta da abin duniya har ya lalata mata rayuwa. A tsamo fitowar da yake zuba mata daɗin baki a karanta wa wanda bai san wasan ba, zai rantse darasin yaudara ake koya wa yara. Mu kuwa da muka kai ƙarshe mun san gargaɗi ne. Kowane ɗalibin adabi an koya masa cewa ba a gane jigo sai an bi warwararsa, kuma abin da tauraro ya aikata a babi na uku ba a san hukuncinsa a idon marubuci sai an ga inda ya kai shi a babi na goma.

A nan ne muke ganin babban kuskuren ƙudurin, kuma kuskure ne na karatu kafin ya zama na shari'a. Masu shi sun ɗauka duwatsun nan uku kowanne zaman kansa yake yi, ana iya zare ɗaya a bar biyu. Alhali dutsen farko ma, wato tambayar ko manufar rubutu tayar da sha'awa ce, ba ta amsuwa sai an karanta littafin duka. Kalmomi iri ɗaya na iya fitowa a littafin batsa da littafin da ke la'antar fyaɗe. Abin da ya raba su shi ne inda marubuci ya tsayar da mai karatu: kusa da mai zalunci yana jin daɗi tare da shi, ko kusa da wadda aka zalunta yana jin zafinta. Wannan kuwa zubi da tsarin labarin ne ke nuna shi. Wanda ya ce a auna manufa amma kada a dubi ƙimar aikin, ya ɗora tukunya kan duwatsu biyu.

Akwai wani tanadi a dokar da Fulorida ta riga ta kafa a 2023, mai lamba HB 1069, da ya ƙara fito da wannan salon karatu fili. Dokar ta ba iyaye damar su miƙe a taron hukumar ilimi su karanta wurin da suke ƙorafi a kansa da babbar murya. Idan shugabannin taron suka dakatar da mai karatu saboda nauyin kalmomin, to shi ke nan, dole a ɗauke littafin. A ido wannan kamar dabara ce mai kaifi: abin da manya suka kasa saurara, yaya za a ba yara? Amma duk wanda ya zauna gaban malami a makarantar ilimi ya san amsar. Babin tsarki a Ahalari ko Risala yana ambaton abubuwan da ke wajabta wanka da sunayensu, ana kuma karantar da shi ga matasa cikin natsuwa da ladabi. A ɗauki wannan babi a karanta shi da lasifika a tsakiyar taron biki, kowa zai sunkuyar da kai. Kunyar ta wurin ce da yanayin, ba ta sa babin ya zama abin ƙyama ba. Su ma can sun ci karo da irin wannan. A Utah wani mahaifi da ke adawa da dokar jihar ya shigar da ƙorafi a kan Baibul, yana nuni da wasu wurare a cikinsa, har gundumar Davis ta ɗauke shi daga laburaren ƙananan makarantu a 2023, kafin ta mayar da shi bayan 'yan makonni da jama'a suka yi ca. 'Yan majalisar Iowa kuwa tun farko suka keɓe littattafan addini daga dokarsu. Wato sun san akwai littafin da ba a yi masa hukunci da shafi guda.

Abin da ya fi damunmu a matsayinmu na malamai shi ne irin ɗabi'ar da waɗannan dokoki ke haifarwa. Dokar 2023 ta ce littafin da aka yi ƙorafin yana siffanta jima'i a ɗauke shi cikin kwana 5 na makaranta, ya zauna a ɓoye har sai an gama bincike. A gefe guda kuma ga tsohuwar dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya ba yaro abin da aka yanke cewa mai cutarwa ne. Malamin da ke da iyali da albashi zai tsaya jiran a tantance? A farkon 2023 malamai a gundumar Manatee sun rufe kantocin littattafan azuzuwansu da takardu. Zuwa farkon 2024 gundumar Escambia ta janye littattafai fiye da 1,600 domin dubawa, har da ƙamus-ƙamus. A garin Mason City na Iowa kuwa, da hukumar makarantu ta ga ba ta da lokacin karanta tarin littattafai kafin a koma hutu a 2023, sai ta tambayi manhajar ChatGPT ko littafi kaza yana siffanta jima'i, ta ɗauke guda 19, ciki har da na Maya Angelou da Beloved na Toni Morrison, wadda ta ci kyautar Nobel a 1993. Ɗaya daga cikin 19 ɗin, wani littafi a kan ƙwallon 'yan sakandare, an mayar da shi bayan da mutum ya zauna ya karanta ya ga babu abin da ake zargi. Laifin na'urar kaɗan ne. Tambayar da doka ta yi, ta akwai ko babu, tambaya ce da ba ta bukatar mai karatu.

Su wa ke kawo ƙorafin? Jaridar Washington Post ta bincika ƙorafe-ƙorafe fiye da 1,000 na shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, ta gano cewa mutum 11 ne suka shigar da kashi 60 cikin ɗari. Ita kanta Fulorida sai da ta gyara dokarta a 2024, ta taƙaita wa wanda ba shi da ɗa a makarantun gunduma ƙorafi ɗaya a wata.

Masu kare dokokin kan ce ai ba a hana littafin ba, mai so ya je kanti ya saya wa ɗansa. Wannan magana a bakin mai hali take da daɗi. Mu da muka san makarantar da laburarenta ɗaki ne mai ƙura da tsofaffin littattafan lissafi, mun san yaron da in bai sami littafi a makaranta ba, to ba zai same shi ko'ina ba. Kuma sau da yawa yarinyar da ta fi bukatar labarin Maya Angelou ita ce wadda ba za ta iya roƙon kowa a gidansu ya saya mata shi ba.

'Yan'uwa marubuta, wannan wuta ba baƙuwarmu ba ce. Mun ga muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 a kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda irin su Ibrahim Malumfashi suka soki littattafan, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su. Komai zafin wannan muhawara, da alƙalami aka yi ta, mai suka da mai kariya kowa na kawo hujja. An kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Wuta ba ta tambayar jigo. A cikin littattafan wancan zamani akwai shirme, akwai kuma irin su Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya tsaya tsayin daka kan ilimin 'ya mace da illar auren dole.

Kada kuma wani matashin marubuci ya ɗauka wannan sharhi lasisi ne. Dutse na uku ba mafaka ba ce ga mai rubuta batsa, shi ne ma ya fi saurin tona masa asiri. Cikin labaran da ake yaɗawa a WhatsApp da Wattpad akwai waɗanda in ka karanta su dungurungum sai ka tarar labarin ne ke yi wa shafukan ɗakin kwana hidima, an ƙago taurarin ne kurum don a kai su can. Irin waɗannan, karatun gaba ɗaya shi ke kayar da su. Ga gwajin da muke ba ɗalibanmu masu sha'awar rubutu: ka cire wurin da kake shakka a kansa, ka sake karanta labarin. In babu abin da ya ragu, to daman wurin ba na labarin ba ne. In kuwa ginin ya rushe, sai ka mayar da shi, ka rubuta shi da kunya irin ta harshenmu, wanda Allah ya hore wa sakaya zance.

Kotunan Amurka ba su yi magana da murya ɗaya ba. A watan Mayu na 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar laburaren gundumar Llano ta jihar Texas, ta ce masu karatu ba za su iya ƙalubalantar cire littafi da hujjar 'yancin samun bayani ba. A watan Agusta na shekarar kuma alƙalin kotun tarayya Carlos Mendoza ya soke wani sashe na dokar Fulorida ta 2023, yana mai cewa ya yi faɗi da yawa, dole a auna littafi gaba ɗayansa. Ya lissafa wasu littattafan da aka ɗauke ya ce babu na batsa a cikinsu. A jerin akwai Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie, wanda ya fito a 2006 a kan yaƙin basasar Nijeriya.

Da yawa daga cikinmu muna da ƙorafi a kan yadda wannan littafi ya zana Arewa da mutanenta, kuma ƙorafi ne da ya cancanci nasa sharhin. Amma a kan batun da ke gabanmu, da wuya a sami misalin da ya fi shi. Akwai wurin da Ugwu, yaron gidan da aka tilasta wa shiga soja, ya bi sahun abokansa suka yi wa wata mai sayar da giya fyaɗe. Wuri ne mai muni, kuma mai karatu ya riga ya shaƙu da yaron tun babin farko, shi ya sa abin ke sukarsa. Daga nan Ugwu bai sake samun sukuni ba, idon yarinyar na bin sa har cikin barci. A tsawon littafin marubuciyar tana ta tsarma gutsattsarin wani littafi na daban a kan yaƙin, mai karatu na zaton wani Bature ne a cikin taurarin ke rubuta shi. Sai a shafin ƙarshe ake gane Ugwu ne.